Kaucin Kawu da Mussar Inna

Lokacin da Kawu ya ajiye aikin kwastan ya dawo Jega, muna cikin Jihar Sakkwato tukuna. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare da ke bayan kasuwa, da aurena da 'ya'yana. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu. Ya daɗe a kudu, can bakin teku, har bakinsa ya juye. In ka gaishe shi da irin maganarmu ta gida sai ya ɗan yamutsa fuska, ya amsa maka da wata Hausa mai sanɗa wadda ba ta Kano ba, ba ta Sakkwato ba. Ya gina gidan siminti a hanyar da ta fita zuwa Aliero, da falo mai manyan tagogi. Ya zo da mota fijo, da matarsa, wata baiwar Allah 'yar Maiyama da ba ta ɗaga murya, da kuma wasu tukwane da ya hana 'yan dako taɓawa ranar da ake sauke kaya. Shi da kansa ya riƙa rungumo su yana shigarwa, yana tafiya a hankali kamar ungozoma ta ɗauko jariri.

Na ɗauka wani magani ne. Da na leƙa sai na ga ko ƙasa babu a tukwanen, gawayi ne da ɓawon kwakwa, ga wasu ganyaye masu kauri sun baje a kai, ga saiwoyi farare sun zubo waje kamar tana. Na tambaye shi abin da suke yi. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da yake yi wa duk wanda bai taɓa ganin teku ba, ya ce sunansu okid, furanni ne na manyan mutane, a bisa itatuwan kurmi suke fitowa, kuma wani Bature ne ya bar masa su da zai koma ƙasarsu. Wannan Baturen kuwa mun sha labarinsa har ya gundure mu. Duk wanda ya zauna a falon nan sai an ba shi, ko ya zo gaisuwar mutuwa ne.

Ba su da fure a lokacin. Ganye ne kawai, a jere a kan wani dogon benci gefen taga. Amma Kawu yana fesa musu ruwa da wata 'yar kwalba, yana goge ganyen da auduga, yana juya tukwanen don haske. 'Ya'yansa na cikinsa ban taɓa ganin ya share wa ɗaya majina ba.

A shekarar ne mahaifina ya rasu a Sabiyal. Inna ba ta da ɗa namiji a raye, ni kaɗai na rage mata. Mijina ya ce ta dawo wurinmu, ta ce ita ba ta zaman gidan suruki, ba a yi ta haka ba. Ranar sadakar arba'in Kawu ya miƙe a gaban jama'a ya yi jawabi, ya ce muddin yana numfashi yayarsa ba za ta zauna a ƙauye cikin wahala ba, ita ta goye shi da uwarsu ta rasu, yanzu lokacinsa ne. Mutane suka yi ta sa masa albarka, shi kuma yana ta gyara hula. Da ta fita takaba ya je da mota ya ɗauko ta. Kayanta ba su da yawa: adaka, tabarma, tukunyar miya da ta ƙi bari, sai kyanwarta a cikin kwando, wadda mu a nan muke kira mussa. Toka-toka ce mai farin ƙirji. Ita ke tsare musu rumbu daga ɓeraye, kuma tun rasuwar mahaifina a ƙafafun Inna take kwana.

Ranar da Kawu ya shigar da Inna falo don ya nuna mata dukiyarsa ina wurin. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta taɓa saiwar da ɗan yatsa, shi kuma yana cije leɓe.

Ta ce, "Auta, ai wanga kauci na."

Kauci shi ne ɗan tsiron nan da ke maƙalewa a reshen wata bishiya yana shan ruwanta. Kawu ya ce ba kauci ba ne, ya soma kawo labarin Bature. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce to Allah shi raya. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran abin da wani suna a danginmu sai kaucin Kawu. Haka kuma ya roƙe ta ta daina ce masa Auta a gaban baƙi, ta ce masa Alhaji. Ta ce to, ta ci gaba da Autanta.

An yi 'yan watanni lafiya. Sai wata rana na shiga gaishe su, zarni ya tare ni tun daga ƙofar falo. Wani irin wari ne mai kaifi da yake shiga har maƙoshi. Matar Kawu ta ce mini ta wanke ƙasa, ta wanke labule, ta duba ƙarƙashin kujeru ko ɓera ya mutu, ba ta ga komai ba. Kawu kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa yaran makwabta ne, don a ganinsa duk ɗan Jega a tsaye yake fitsari inda ya ga dama.

A gabana asirin ya tonu. Muna zaune da hantsi, sai ga wani ƙaton muzuru baƙi mai yagaggen kunne ya ɗare taga, ya diro kan benci, ya bi tukwanen yana shinshinawa. Da ya zo kan babbar tukunyar, wadda Kawu ya fi ji da ita, sai ya juya mata baya, ya miƙar da wutsiya sama tana karkarwa, ya fesa mata fitsari tun daga ganye har gawayi. Ya gama, ya dubi Kawu, ya fita ta inda ya shigo ba tare da gaggawa ba. Kawu ya jefe shi da takalmi, takalmin ya sami tukunya ta kusa.

Mussar Inna ce ta kai lokacin da muzurai ke binta, shi ya sa suka yi wa gidan tsinke. Ita kanta ba ta shiga falo, tana can ɗakin Inna a bayan gida. Amma muzuran unguwa sun mai da falon Kawu wurin sa alama, kowane ya zo sai ya fesa a kan na ɗan'uwansa. Ba a daɗe ba ganyaye suka soma yin ɗorawa-ɗorawa, wasu saiwoyin suka yi baƙi suka ruɓe.

Daga nan aka shiga yaƙi, kuma kamar kowane yaƙi na Kawu, shi ke ba da umarni, matarsa ke yi. Ita ke fitar da tukwanen tsakar gida ta ɗauraye gawayin, ta yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da reza, yana tsaye a kanta yana cewa ta yi a hankali. Wani ya ce masa kyanwa ba ta son ɓawon lemu, aka sayo lemu aka tilasta wa yara sha don a sami ɓawo. Muzurai suka fesa a kan ɓawon. Aka zuba kafur, falo ya koma warin akwatin tsohuwa haɗe da zarni. Sai ya sa aka daka barkono aka barbaɗa a kan benci da bakin taga. Da azahar aka kawo wuta, fankar sama ta tashi da kanta don an bar ta a kunne, duk wanda ke falon ya fito a guje yana atishawa, har da wani dattijo da ya zo daga Birnin Malam neman a sa baki a rikicin gona. Dattijon bai ƙara dawowa ba.

Na ce masa, "Kawu, me zai hana a rufe tagogin?"

Ya ce ai ni malamar firamare ce, ba zan gane ba, tsiron yana bukatar iska. Bayan mako ya rufe su, ya ce dabarar ta zo masa yana sallar walha. Lokacin kuwa bazara ta kankama, zafin Jega da ya sa kwalta ke narkewa. Falo ya zama tanda, ganyayen suka yi yaushi kamar kunnen akuya. Dole aka buɗe. Aka kira kafinta ya buga raga a tagogi, muzurai suka koma shiga ta ƙofa, domin Kawu ba ya yarda a rufe ƙofar falo da rana. In an rufe, wa zai gani daga zaure cewa yana da okid?

Ya je wurin limamin unguwa ya tambaya ko ya halatta ya sa wa muzuran guba a kifi. Liman ya ce bai halatta ba, ya ƙara masa da cewa ya daina shimfiɗa darduma kusa da bencin, don wurin ba shi da tsarki. Kawu ya dawo yana faɗa, wai malaman nan karatunsu bai kai ga sanin darajar abu ba.

Sai ya ɗana tarko da kifin gulbi a ƙarƙashin kwando, Allah ya ba shi sa'a baƙin muzurun ya faɗa. Aka tura shi cikin buhu da kyar, ya yakushe matar Kawu a hannu har ta yi kwanaki ba ta iya tuƙa tuwo. Kawu ya jefa buhun a bayan mota, ya tuƙa har ya wuce Maiyama, ya bi hanyar Sarandosa, ya sake shi a daji. Ya dawo yana taƙama kamar wanda ya kashe zaki. Abin da bai lissafa ba shi ne, dabbar da aka ɗaure a buhu cikin tsoro ba ta riƙe mararta. Motar nan ta yi zarnin da ko masu roƙon a rage musu hanya sai da suka daina tsayar da shi. Muzurun kuma ashe na mahaucin da ke bayan gidansu ne, wanda ya zo har zaure ya tambaya. Kawu ya rantse bai ko taɓa ganin muzuru baƙi ba, alhali yaran unguwa sun raka buhun da ido har bakin titi. Kafin sati ya zagayo wani jan muzuru ya gaji bencin, da wani mai dabbare-dabbare da ke zuwa bayansa.

A duk wannan hidima Inna ma ta yi nata ƙoƙarin. Takan ɗaure mussarta a ɗaki da rana, ta ba ta abinci daga nata kwanon. Wani lokaci in na je sai in tarar tana taya matar Kawu wankin tukwanen, tsohuwa mai ciwon gwiwa a durƙushe tana cuɗa gawayi.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman shi ne baƙi. Wani abokin aikinsa na da, wanda ya zama babba a Sakkwato, ya aiko cewa zai biyo ta Jega da iyalinsa. Aka yi kwana da kwanaki ana shiri. An kira ni na taya girki. Aka turara falo da turaren wuta har ido na yaji. Kawu kansa ya daina jin warin tuni, gwano ba ya jin warin jikinsa, don haka ya tabbata komai ya yi daidai. Baƙi suka zauna, ya ja su zuwa benci, ya soma labarin Bature. Matar baƙon ta sunkuya don ta duba, sai ta miƙe da sauri ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci. Mace ce mai ladabi. Ta dai ce a kai mata abincinta cikin gida wurin mata, ta fi son iska. Mijin kuma ya ci loma kaɗan ya ce hanya na da nisa.

Motarsu ba ta gama ɓacewa ba Kawu ya nufi ɗakin Inna. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka, na ji komai, kuma ya san ina ji.

Ya ce, "Yaya, kyanwar nan za ta bar gidan nan yau."

Inna ta ce, "Mi ta yi maka? Ko ƙohwar ɗakinka ba ta sani ba."

"Ita ke jawo su. An kunyata ni a gaban mutanen da suka san darajata. Na gaji da zaman ƙauye a cikin gidana."

"Auta, ita ɗai ta rage min daga gidan mijina."

"To ki zaɓa. Gidan nan ba rumbu ba ne."

Na ajiye kwanon da ke hannuna na je bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, yayarka kake ce wa ta zaɓa, a kan ganyen da ko akuya ba ta ci?"

Ya ce in fita daga maganar manya. Inna ma ta ce in yi shiru, ba a yi wa kawu haka. Sannan ta dube shi ta ce, "Na ji. Ka bari in ga sahiya."

Ina jin ya ɗauka mussar za ta ba da a kai wani wuri. Da safe na zo na tarar ta naɗe tabarma, ta ɗaure adaka, mussa na cikin kwando. Matar Kawu tana kuka a madafa ba sauti. Shi kuma yana falo ya buɗe jarida, ya ce wa matarsa a bar ta, fushin tsofaffi ne, kafin la'asar za ta kwance kayan. Bai fito ba, bai kuma ba da mota ba. Mijina ne ya samo a-kori-kura mai zuwa Aliero ɗaukar albasa, muka zauna gaba ni da ita, kwandon a cinyarta. Tun daga Jega har muka sauka ba ta ambaci sunansa ba. Ta dai yi ta nuna mini gonaki tana faɗin na wane ne, wa ya yi shuka da wuri, wa ya makara. Daga Aliero ɗan wan mahaifina ya zo da amalanke ya kai mu Sabiyal. Ya buɗe mata tsohon ɗakinta, matarsa ta share, aka sa mata ruwa a randa. Ba su yi jawabi ba.

Muzurai kuwa ba su san an yi hijira ba. Warin ya riga ya kama benci da bango da labule, suka ci gaba da zuwa kamar da. Matar Kawu ce ta gaya mini, tana rufe baki don kada dariya ta fito. Ƙarshenta sai da ya sa aka ƙera wa tukwanen keji na ƙarfe da raga, mai ƙofa da kwaɗo, irin na masu kiwon zabi, aka kafa shi a tsakiyar falo. Abin da zai yi tun farko ke nan yayarsa ta zauna. Fiye da rabin tsiron ya riga ya mutu. Waɗanda suka rage suka rayu a kurkuku, muzurai na fesa wa ƙafafun kejin.

Na daina zuwa gidan sai da dalili. Bayan damina ta biyu ya aiko musamman a kira ni, na ɗauka wani ne ba lafiya. Na tarar ya sa babbar riga yana tsaye gaban keji. Ɗaya daga cikinsu ta yi fure. Wani siririn kara ne ya fito ya lanƙwasa, da 'yan furanni farare masu ɗigon ja a tsakiya. Ba zan yi ƙarya ba, suna da kyau, kamar an yanka su daga farin yadi. Na sa hanci ta raga, ba su da ƙamshi ko kaɗan, abin da na shaƙa na muzurai ne.

Ya ce, "Kin gani? Ki gaya wa uwarki ta zo ta ga abin da take kira kauci."

Na ce zan gaya mata. Ya kira mai hoto ya ɗauke shi tsaye kusa da kejin, hannu ɗaya a kan raga.

Na kai saƙon don an ba ni. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, mussar ta haihu, 'ya'yan na wasa da bakin zanenta. Ta ce madalla, ashe abin ya yi. Sai ta tambaye ni ko yana cin abinci sosai, don tun yana yaro zafi na hana shi ci. Na ce ƙiba ma ya yi. Ta ce to alhamdu lillahi. Wannan hali nata ya fi komai ƙona mini rai, don na so ko sau ɗaya ta faɗi abin da ya dace da shi. Ba ta je ba dai, kuma ba ta ƙara taka Jega ba sai in ta zo asibiti, nan ma ta koma a ranar.

Shi ma bai taɓa ba ta haƙuri ba. Abin da ya iya shi ne, duk lokacin cirar albasa sai ga fijo a Sabiyal. Ya zauna a kan kujerar da aka aro masa, ya yi ƙorafin ƙuda da rashin hanya, ya sha furar da ta dama masa, a sa masa buhun albasa a bayan mota ya tafi. Ita ke cewa a zaɓa masa manya.

Ta rasu a Sabiyal da sanyin safiya bayan gajeriyar jinya, ina riƙe da hannunta. Kawu ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, wai taya ce ta yi faci. A zaman makoki ina daga cikin gida, zana kawai ke tsakaninmu da maza, na ji muryarsa ta fi ta kowa. Yana gaya wa mutane yadda ya ɗauke ta ya kai ta birni, ya ba ta ɗaki mai siminti da fanka, ya yi ta roƙonta ta zauna ta ƙi, don mutumin ƙauye ba ya iya rabuwa da ƙauye. Ya ce shi dai ya sauke nauyinsa. Wasu suka ce Allah ya saka masa. Waɗanda suka san zancen suka ci gaba da jan carbinsu.

Mijina ya aiko a ce mini in fito in gaishe shi, kada a ce. Na fito na durƙusa daga nesa na ce, "Kawu, ya haƙuri." Ya ce haƙuri sai ma'aiki, ya soma wani sabon jawabi a kan zumunci. Na tashi na koma ciki tun bai kai tsakiya ba.

Bai kwana ba. Da la'asar ya yi sallama da jama'a, ya ja ɗan wan mahaifina gefe ya tambaye shi ko albasar da marigayiya ta ajiye tana nan, don kada ta lalace a banza. Aka ɗora masa, ya tayar da mota.